Mene ne "balance transfer", kuma ta yaya za ka san ko banki zai ba ka katin?

A Birtaniya, duk mai katin bashi da ya kasa biyan abin da ya ci a ƙarshen wata, banki na ɗora masa kuɗin ruwa da kan haura kashi 20 cikin ɗari a shekara. Wanda ake bi fam 3,000 a kan kashi 24, kusan fam 55 yake zubawa duk wata a ruwa kawai, uwar kuɗin tana nan daram. Abin da bankuna ke kira "balance transfer" shi ne a kwashe bashin nan daga tsohon kati a mayar da shi kan sabon kati na wani banki, wanda ya yi alkawarin ba zai ɗora ko sisin ruwa ba har zuwa wani wa'adi. Sabon bankin ne ke biyan tsohon kai tsaye, kuɗin ba ya bi ta hannunka. A Birtaniya wa'adin kan kai shekara biyu ko fiye, a Amurka yawanci wata 12 zuwa 21 ne.

Ba kyauta ake yi ba. Akwai la'adar da ake cira sau ɗaya, wajen kashi 3 a Birtaniya, kashi 3 zuwa 5 a Amurka. A kan fam 3,000, la'adar kashi 3 fam 90 ce, bashi ya koma 3,090. Idan wa'adin wata 24 ne, raba shi: fam 128.75 duk wata. Wannan lissafin shi ne farkon abin yi, tun kafin a buɗe shafin wani banki. Mai iya fitar da wannan kuɗin kowane wata zai gama da bashin ba tare da ruwa ba. Wanda ba zai iya ba, ranar da wa'adi ya cika sauran kuɗin zai koma kan ruwa mai tsada, an dai canza wa tuwo suna.

Inda gizo ke saƙar shi ne wanda ya fi buƙatar katin nan shi aka fi hanawa. Banki na duba tarihin bashin mutum a wurin ɗaya ko biyu daga kamfanoni uku da ke ajiye shi: Experian, Equifax da TransUnion. Dubawar kuma iri biyu ce. Akwai leƙe, wato "soft search", wanda kai kaɗai kake ganinsa a tarihinka, ba ya rage maka makin da ake auna cancantarka ta cin bashi da shi. Akwai cikakken bincike, "hard search", wanda ake yi idan ka cike takardar neman kati da gaske. Wannan yana barin tabo da sauran bankuna ke gani har wata 12 a Birtaniya, shekara biyu a Amurka. Tabo ɗaya ba komai ba ne. Uku ko huɗu cikin 'yan makonni kuwa suna nuna mutum ya matsu, kuma matsuwa ita ce abin da banki ya fi tsoro. Shi ya sa wanda aka hana a nan, ya ruga can ya sake nema a ranar, kansa yake yi wa illa.

Don haka ake farawa da shafukan gwajin cancanta, irin na MoneySavingExpert, ClearScore da Experian, ko na bankin kansa. Za a tambaye ka suna, ranar haihuwa, adireshin da ka zauna cikin shekara uku, aikinka, abin da kake samu a shekara kafin haraji, da kuɗin haya ko na gida. Sai a yi leƙe, a jero maka katuna, kowanne da adadin yiwuwar samunsa cikin ɗari. Kada ka ƙara wa albashinka gishiri a nan, domin sakamakon zai yi daɗin gani, cikakken bincike kuma ya tona. Ko an rubuta maka cewa an riga an amince, sharaɗin shi ne bayananka su zama daidai kuma ka tsallake binciken tantance mutum.

Abin da ke kayar da mutane ba ya wuce 'yan abubuwa. Biyan da aka tsallake, ko bashin da aka rubuta an gaza biya, ko hukuncin kotu kan bashi, duk suna zama shekara shida a tarihi. Katin da aka cinye har bakin iyakarsa shi ma alama ce mara kyau, ko da ba a taɓa makara ba. Sai wata matsala da ta fi damun baƙi: rashin tarihi gaba ɗaya. Wanda ya zo daga Kano ko Kumasi shekara ɗaya da ta wuce, tarihin bankinsa na gida bai biyo shi ba. Abu mafi sauƙi da zai taimaka masa shi ne shiga rajistar masu zaɓe, domin da ita bankuna ke tabbatar da adireshi. 'Yan Najeriya, Gana da Kamaru masu izinin zama suna iya shiga, tun da ƙasashensu na cikin ƙungiyar Commonwealth. Ɗan Nijar ba ya da wannan damar a Ingila da Ireland ta Arewa, amma a Scotland da Wales yana iya shiga idan yana da izinin zama. A kuma duba rahoton kowane ɗaya daga kamfanonin uku, doka ta ba ka ikon gani kyauta, don tsohon adireshi ko asusun haɗin gwiwa da wani mai tarihi mara kyau na iya ja maka.

Samun katin ma ba ƙarshen zance ba ne. Idan talla ta ce "har zuwa wata kaza", ana iya ba ka ƙasa da haka. Ruwan da aka rubuta za a koma kansa bayan wa'adi, doka ta ce kashi 51 na waɗanda aka karɓa kawai ya wajaba su samu, saura ana iya tsawwala musu. Iyakar katin kuma ba za ka tabbatar da ita ba sai an amince, sannan yawanci kashi 90 zuwa 95 na iyakar za ka iya kwasowa: an ba ka fam 2,000, abin da zai shiga bai wuce 1,900 ba. In haka ta faru, kwaso bashin da ruwansa ya fi tsada tukuna. Sau da yawa kuma ba a kwasowa tsakanin bankunan gida ɗaya, wato na kamfani ɗaya. A duba wannan kafin a nema, don kada a bar tabo a banza.

Bayan an karɓi kati, a kwashe bashin cikin kwana 60 ko 90 na farko, gwargwadon abin da yarjejeniya ta ce, a ci gaba da biyan tsohon kati har sai an ga kuɗin sun shiga. A sa banki ya riƙa cire biyan wata da kansa, don makara sau ɗaya na iya soke rangwamen baki ɗaya. Kada a yi cefane da katin, balle a cire tsabar kuɗi a na'ura, waɗannan suna da nasu ruwan. Ga Musulmi mai gudun riba, a sani cewa yarjejeniyar tana ɗauke da sharaɗin ruwa ko da bai fara aiki ba, wannan tambaya ce ta kai wa malami kafin a sa hannu.

Idan gwajin ya nuna babu katin da za ka samu, ko kuma biyan mafi ƙarancin kuɗin wata ma yana gagara, to maganar ta wuce ta sabon kati. Ƙungiyoyin StepChange, National Debtline da Citizens Advice suna ba da shawara kan bashi kyauta, suna kuma iya taimaka maka ka nemi masu binka su dakatar da ruwa a tsara biya daidai ƙarfinka.