Waiwaye: Yadda Vlkolínec Ya Zama Ƙauyen 'Yan Kallo

A 'yan shekarun nan, mazauna Vlkolínec, wani ɗan ƙauye a ƙasar Slovakiya, suna ta kokawa da masu yawon buɗe ido da ke leƙa musu tagogi, suna kutsawa tsakar gidajensu ba sallama. Har wasunsu sun nemi a cire ƙauyen daga jerin wuraren tarihi na duniya. Mutane da yawa sun ɗauka matsalar ta faro ne daga 1993, shekarar da UNESCO ta sanya shi cikin jerin. A ganina ta girmi haka nesa ba kusa ba.

Ƙauyen yana gindin dutsen Sidorovo, a tsaunukan Veľká Fatra, kusa da garin Ružomberok wanda ƙauyen ya zama ɓangarensa a 1882. Manoma ne da makiyaya da masu saran itace suka zauna a wurin. Gidajen gungumen itace ne, kimanin 45, jere a kan hanya guda, ɗan rafi na bi ta tsakiyarsu. Hasumiyar ƙararrawa tana nan tun 1770, cocin kuma tun 1875. Wannan duk mai ziyara yana jin sa.

Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne 1944 da shekarun da suka biyo baya. Lokacin boren da 'yan Slovakiya suka yi wa 'yan Nazi, sojojin Jamus sun cinna wa wani sashe na ƙauyen wuta, kuma yawancin abin da ya ƙone ba a sake gina shi ba. Iyalin da gidansu ya zama toka, ga Ružomberok a ƙasa da masana'antun takarda da saƙa, ga albashi, ga makaranta, me zai mayar da su kan dutse? Suka sauka. Waɗanda gidajensu suka tsira ma, 'ya'yansu suka bi sahu, aka bar tsofaffi. Da yake matasa sun tafi, babu mai rushe gidan kakansa ya gina na siminti kamar yadda aka yi a sauran ƙauyuka. Ke nan kyan da ake zuwa kallo yau, watsewar jama'a ce ta tsare shi, kuma wannan abin tausayi ne.

Ko da aka ayyana ƙauyen a matsayin wurin adana gine-ginen gargajiya a 1977, bakin alƙalami ya riga ya bushe. Gidajen aka samu a tsaye, masu gidajen sun yi nisa. Da yawa daga cikinsu suka koma gidajen hutun ƙarshen mako na 'yan birni.

Yau masu kwana su tashi a Vlkolínec ba su wuce mutum 20 ba, baƙi kuwa dubun-dubata ne a kowace shekara. Da ƙauyen na cike da jama'arsa, da baƙo ya san gidan mutane ya shigo, ya yi sallama.