Waiwaye: Yadda Aka Daɗe Ana Auna Magani Da Jikin Namiji

Duk wanda ya taɓa sayen magani a kemis a Katsina ya san yadda ake rubuta ƙa'idar sha a jikin kwali: manya kaza, yara kaza, wani lokaci a ƙara da gargaɗi ga mai juna biyu. Ba a cika raba namiji da mace ba. Magidanci mai kilo 90 da uwargidansa mai kilo 50 duk "manya" ne, biyu da safe, biyu da dare. A yawancin magunguna hakan ba ya kawo illa. Sai dai wannan babban da aka auna maganin da jikinsa tun farko, a mafi yawan ƙarni na 20, namiji ne.

Tsoro ne ya fara kawo haka. A 1957 aka fito da wani magani mai suna thalidomide a Jamus ta Yamma, ana ba mata masu laulayi don tashin zuciya da rashin barci. Kafin a janye shi a 1961, an haifi jarirai fiye da 10,000 a ƙasashe daban-daban da nakasa, yawanci guntayen hannaye da ƙafafu. Amurka ta kusa tsira gaba ɗaya saboda wata jami'ar hukumar kula da magunguna ta FDA, Frances Kelsey, ta ƙi sa hannu a sayar da shi. Duk da haka abin ya girgiza hukumar, har a 1977 ta ba da shawarar a daina sa duk macen da za ta iya ɗaukar ciki a matakan farko na gwajin magani, ko da ba ta da aure, ko tana tsarin iyali. Ana gudun gara aka faɗa gidan zago: an kare mata daga gwaji, amma in magani ya fito kasuwa su ma sha suke yi, ba tare da kowa ya san yadda zai zauna a jikinsu ba.

Akwai kuma son sauƙi. Masu bincike sun ce hawa da saukar sinadaran jikin mace a kowane wata na dagula lissafi, don haka ko a ɗakin gwaji ɓeraye maza aka fi ɗauka. Wani bincike kan tsufa da aka fara a birnin Baltimo na Amurka a 1958 ya shekara 20 babu mace ko ɗaya a cikinsa. Wanda ya fi yin suna shi ne na asfirin da aka fara a 1982 da likitoci 22,071, dukkansu maza, wanda ya nuna cewa maganin na rage haɗarin kamuwa da bugun zuciya da kashi 44 cikin 100. Sai a 2005 aka samu amsar mata, daga binciken da ya ƙunshi mata 39,876, kuma ta sha bamban: asfirin ya rage musu shanyewar ɓarin jiki, amma bai rage bugun zuciya ba sai ga waɗanda suka kai shekara 65.

Sauyin ya zo ne ta hanyar siyasa. A 1990 ofishin binciken ƙwaƙwaf na majalisar Amurka ya nuna cewa cibiyar binciken lafiya ta ƙasar, NIH, ba ta bin ƙa'idar da ita kanta ta kafa ta sa mata a bincike. A shekarar aka buɗe ofishin binciken lafiyar mata. A 1991 Bernadine Healy, likitar zuciya, ta zama mace ta farko da ta shugabanci cibiyar, ta kuma rubuta cewa ba a ɗaukar ciwon zuciyar mace da muhimmanci sai ya zo da kamannin na namiji. A 1993 doka ta wajabta sa mata a gwaje-gwajen da cibiyar ke biya, FDA kuma ta janye shawararta ta 1977.

Daga nan abubuwa suka riƙa fitowa. An duba magunguna 10 da aka janye daga kasuwar Amurka tsakanin 1997 da 2000, aka ga 8 sun fi cutar da mata. A 2013 aka rage wa mata ƙa'idar maganin barci na zolpidem daga miligiram 10 zuwa 5, bayan ya shekara 20 a kasuwa, saboda yana daɗewa a jininsu har gari ya waye bai sake su ba. Daga 2016 NIH ta ce ko da ɓera za ka yi bincike, sai ka faɗi yadda ka lura da jinsi.

Tushen bambancin yana cikin kowace ƙwayar halitta. A cikinta akwai kuromosom, wato ƙunshin umarnin halitta da ake gada daga iyaye. Mace na da kuromosom X guda biyu, namiji na da X ɗaya da Y. A 1961 wata masaniya a Ingila, Mary Lyon, ta bayyana cewa jikin mace na kulle X ɗaya a kowace ƙwaya. Amma kullewar ba ta cika ba, kuma X na ɗauke da umarni da yawa na garkuwar jiki. Ana ganin wannan na cikin dalilan da garkuwar mace ta fi kaifi, har ta kan juya ta yaƙi mai ita: kusan 8 cikin 10 na masu irin waɗannan cututtuka mata ne. A annobar korona kuwa maza suka fi mutuwa.

Wannan duk labarin Turawa ne. A wurinmu, ni a ganina, tambayar ta fi wuya, domin rayuwar namiji da ta mace sun rabu sosai, har yana da sauƙi a ɗora wa halitta abin da al'ada ce ta kawo, ko a ɗora wa al'ada abin da ke cikin jini.

Malumfashi ta ba da misali tun shekarun 1970, kafin a ƙirƙiri jihar Katsina. Masana daga Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful sun yi shekaru suna nazarin tsargiya a yankin, suka ga ta fi yawa nesa ba kusa ba ga yara maza. Da sun tsaya nan, sai a ce jikin namiji ne ya fi karɓar ta. Sai suka sa ido a bakin madatsar ruwa ta Ruwan Sanyi suna ƙirga masu shiga ruwa, suka tarar kusan duk maza ne: yara masu iyo, masu kamun kifi, masu wanki. Tsutsar ba ruwanta da jinsi, wanda ya tsoma ƙafa take kamawa. Amma in ta kama mace, nan halitta ke shigowa, domin ƙwayayenta na iya zama a mahaifa da al'aura, su kawo ciwon mara da zubar jini, a yi ta shan maganin sanyi ba a dace ba.

Akwai kuma inda namiji ne ke da rauni, kuma a jini abin yake. Sinadarin G6PD, mai kare jajayen ƙwayoyin jini, umarninsa na kan X. Namiji X ɗaya gare shi, daga mahaifiyarsa, in ya zo da tawaya babu na biyu da zai rufa masa. An gano matsalar a Shikago a 1956, ana neman dalilin da maganin zazzaɓin cizon sauro na primaquine ke fasa jinin wasu baƙaƙen fata. Binciken da aka yi a Ibadan ya same ta a jinin kusan namiji ɗaya cikin biyar. Ga inda ta shafi ɗakin mai jego: kafur ɗin da ake jefawa cikin akwatin kayan jariri don ƙamshi da korar kyankyaso na iya fasa jinin jariri mai wannan tawaya, idonsa ya yi ɗorawa, shawara ta yi tsanani har ta taɓa ƙwaƙwalwa. Jarirai maza abin ya fi samu.

Tarin fuka ma ya fi kama maza, a Najeriya kusan ninki biyu a binciken ƙasa na 2012, kuma har yanzu ana muhawara kan nawa ne na sigari da ƙurar wurin aiki, nawa ne na garkuwar jiki.

Ciwon zuciyar masu jego ya nuna yadda ake saurin yanke hukunci. A shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, suka rubuta yadda matan Hausawa ke zuwa asibiti da kumburi da haki makonni bayan haihuwa, fiye da yadda aka sani a ko'ina. Suka danganta shi da wankan jego da ruwan zafi, da kwanciya kan gado mai wuta a ƙasa, da gishirin da ke cikin kunun kanwa. Bayanin ya shiga littattafan likitanci ya zauna shekaru. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka sake duba lamarin, suka samu ƙarancin sinadarin selenium a jinin mafi yawan matan, suka kuma nuna rawar talauci da rama da hawan jinin masu ciki. Ba a wanke kanwa tas ba, amma laifin ya daina zama nata ita kaɗai.

Inda tsohon tsoron 1977 ya fi daɗewa shi ne kan mai ciki. Tun 1996 aka gano cewa ƙwayar zazzaɓin cizon sauro na maƙalewa a mabiyiya, shi ya sa ta fi wahalar da mai cikin fari, shi ya sa kuma ake ba mata Fansidar uku su haɗiye a gaban ma'aikaciya ranar awo. Amma maganin zazzaɓin da kowa ke sha tun tsakiyar shekarun 2000, irin su Coartem, ba a gwada shi kan masu ƙaramin ciki ba. Su aka bar wa kwini, na kwana bakwai, mai ɗaci da jiri da ƙarar kunne, wanda da yawa ba sa iya ƙarasawa. Hujjar da aka samu daga baya ta fito ne daga bin sawun matan da suka sha sabon maganin ba su san suna da ciki ba, aka ga bai ƙara ɓari ko nakasa ba. Sai a ƙarshen 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a ba mai ciki shi a watanni ukun farko.