Kunkurun teku

Kunkurun teku dabba ce mai rarrafe da ke rayuwa a ruwan gishiri, mai shaƙar iska kamar sauran kunkuru. Ɗan'uwa ne ga kififfiyar da kan faɗa komar masunta a kogin Gongola da madatsar Dadin Kowa a Gombe, sai dai ya fi ta girma nesa ba kusa ba, kuma ba ya iya ɓoye kansa cikin ƙwarya. Masana na ƙiyasin cewa kakanninsa sun bayyana fiye da shekaru miliyan 100 da suka wuce.

Ire-irensa

Nau'i 7 ne a duniya. Mafi girma shi ne mai bayan fata, wato wanda bayansa ke kama da fata maimakon ƙwarya mai tauri, kuma yana iya haura kilo 500.

Haihuwa

Macen kan fito gaɓar teku da dare, galibi a yankin da aka ƙyanƙyashe ta, ta tona rami da ƙafafun baya, ta zuba ƙwai wajen 100, ta binne, ta koma ruwa. Ba ta sake waiwayarsu. Bayan kimanin wata 2 'ya'yan ke fitowa. Zafin yashi ne ke raba jinsi: idan ya haura digiri 29 a ma'aunin Celsius mata sun fi yawa, idan ya gaza maza ne ke rinjaye. Ƙananan kan bi hasken da ke kan ruwa su gane hanya, shi ya sa fitilun otal da na titi ke ɓatar da su. Tsuntsaye da ƙaguwa da kifaye na cinye akasarinsu, har ana cewa ƙila 1 cikin 1,000 ne ke girma.

Tarihin kariya

An rattaba hannu kan yarjejeniyar CITES, ta ƙasa da ƙasa kan cinikin dabbobi da tsirran da ke cikin haɗarin ƙarewa, a 1973, wadda ta hana cinikinsa tsakanin ƙasashe, Najeriya kuma na ciki. A 1999 aka ƙulla wata yarjejeniyar a Abidjan domin kare shi a gaɓar Atilantika ta Afirka. Gabon na daga cikin manyan wuraren da mai bayan fata ke ƙwai, tsibirin Poilão na Gini Bisau kuma ya shahara da wani nau'in da ake kira koren kunkuru. A Najeriya an san ƙoƙarin mutanen Akassa a jihar Bayelsa wajen kare kunkurun teku.

A mafakar da ake killace ƙwai, iyalai kan je kallo da dare tare da ɗan rakiya. Ana hana haska tocila mai farin haske da taɓa dabbar.

Barazana

Abubuwan da ke yi masa barazana sun haɗa da ragar jiragen kamun kifi, satar ƙwai, da kuma sharar leda. Mai bayan fata kan haɗiye leda a zaton jelifish ce, wata halittar teku mai laushin jiki da yake ci, ta toshe masa hanji. Bauchi da Gombe ba su da teku, amma Gongola na zuba a Binuwai a Numan, Binuwai ta haɗu da Kwara a Lokoja, daga nan sai teku, don haka sharar da ambaliya ta kwasa a nan na iya ƙarewa can.