Waiwaye: daga zaƙami zuwa ƙwayar barci a cikin abin sha

Tun kafin ƙwayoyin Turawa su shigo kasuwannin Yamai, Hausawa sun san zaƙami, wanda wasu ke kira haukata-yaro. Yana fitowa a juji da bayan gari, kuma an daɗe ana jin labarin waɗanda aka zuba wa shi a abin sha wajen biki. Alamarsa ba ta ɓuya: baki ya bushe ƙamas, ƙwayar ido ta buɗe, jiki ya ɗauki zafi, mutum ya riƙa sambatu yana kamun abin da babu. In ya farfaɗo, ba ya tuna komai. Wannan mantuwar ce mugu yake nema, kuma ita ce ta haɗa tsohon zaƙami da ƙwayoyin zamani.

A ƙasashen Turawa, maganar ta fara tashe ne da wani maganin barci, kuloral, da aka haɗa a 1832. A 1903 an rufe mashayar wani Mickey Finn a Chicago bisa zargin yana sa wa masu sha magani yana kwashe musu aljihu. Fashi ne manufar farko. Fyaɗe ya fito fili daga baya. Rohypnol, ƙwayar barci ta kamfanin Roche, ya shiga kasuwa a shekarun 1970, sunansa ya ɓaci ƙwarai a shekarun 1990, har kamfanin ya sake haɗa shi da launi don ya mai da abin sha shuɗi. Dabarar ta yi rabin aiki ne kawai, domin ba duk kamfanonin da ke yin irinsa suka sa launin ba, kuma a cikin bisap ko koka wa zai ga shuɗi? Sai wani mai sa barci da mantuwa da ake kira GHB, ruwa marar launi mai ɗan gishiri-gishiri, wanda Amurka ta tsaurara haramcinsa a 2000. A 2010 hukumar kula da miyagun ƙwayoyi ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da ƙuduri kan lamarin, a 2011 kuma aka wallafa ƙa'idojin gwajin jini da fitsari don gano irin waɗannan ƙwayoyi.

Shari'ar da aka yanke a Avignon na Faransa a Disamba 2024 ta rushe tunanin cewa abin na gidan rawa ne kawai. Dominique Pelicot ya shafe kusan shekara goma yana sa wa matarsa maganin barci a abinci a cikin gidansu yana gayyato maza su yi mata fyaɗe, aka ɗaure shi shekara 20, aka hukunta wasu maza 50 tare da shi. Wannan ya fi kama da haɗarin da ke gabanmu a Yamai. Ba sai an je neman GHB ba, tunda diyazefam da tiramol suna yawo a tiren masu tallar magani ba tare da takardar likita ba. Mai zubawar kuma sau da yawa ba baƙo ba ne: saurayi ne, ko abokin tafiya a mota, ko wanda ya miƙo kofin shayi a fada. Samari ma ba su tsira ba, ana yi musu don a raba su da babur ko salula.

Kariyar ba ta da wuya, kunya ce ke hana ta. A buɗe kwalba a gabanki, ki ji ƙarar murfin. Ƙullin bisap ko lemun-hari a leda ana iya kwance shi a sake ɗaurewa, don haka ki saya da hannunki. Kofin da kika bari kika je alwala ko amsa waya, ya zama na zubarwa. Ɗanɗano ba shaida ba ne, sukarin shayi da yajin citta suna rufe ɗaci. In cikin minti 15 zuwa 30 da sha kika ji jiri, harshe ya yi nauyi, ƙafafu sun saki, faɗa wa wadda kuka zo tare nan take, kada ki fita shan iska ke kaɗai, kuma kada ki yarda wanda ya ba ki abin shan ya ce shi zai kai ki gida.

Wanda ya tarar da mutum a wannan hali ya kwantar da shi a gefe ɗaya don kada amai ya shaƙe shi. Kada a ɗura masa madara ko man ja, kada a sa shi amai dole. Abin kan faɗa huhu. A kira lambar gaggawa 18 ko a nufi asibiti, musamman in numfashi ya ragu ko an ga farfaɗiya, wadda tiramol ke kawowa.

Inda aka fi yin asara shi ne jinkiri. Iyali su tsaya shawarar rufin asiri kwana biyu, shaida ta tafi. GHB yana ɓacewa daga fitsari cikin kamar awa 12. Dangin diyazefam kan jima kwanaki, shi ya sa ake karɓar fitsari har kwana 5, jini kuwa cikin kwana 2. In ba a samu zuwa da wuri ba, a tara fitsarin farko a kwalba mai tsabta, a rufe, a rubuta lokaci, a sa a firiji. In ana zargin fyaɗe, kada a yi wanka, tufafin a sa su a ambulan na takarda, domin leda tana riƙe danshi ta lalata shaida. Maganin kariya daga sida dole a fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28. Na hana ɗaukar ciki ya fi aiki a kwana 3 na farko. Waɗannan biyun ba sa jiran a je komisariya, kuma ana ba da su ko gwaji bai nuna ƙwayar ba.