Hutun Jinƙai ga Yara a Ƙasashen Waje

Hutun jinƙai shiri ne da ƙungiyoyin agaji ke gudanarwa, inda ake ɗauko yaran da talauci ko yaƙi ko gurɓatar muhalli ya shafa, a kai su wata ƙasa su zauna a gidajen iyalan da suka amince su karɓe su kyauta, sannan a mayar da su wurin iyayensu ko gidan marayun da suka fito. Yawanci zaman bai wuce makonni 4 zuwa 8 ba, kuma a lokacin hutun makaranta na bazara ake yinsa. Ya bambanta da ɗaukar riƙon yaro na dindindin, domin tun kafin yaron ya taso an riga an sa ranar komawarsa.

Asalinsa

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya yunwa ta addabi birnin Biyena, aka riƙa kwasar dubban yara a jiragen ƙasa zuwa Holan da Denmak da Suwidin da Suwizalan domin su murmure. A Yaƙin Duniya na Biyu ma ƙungiyar Red Cross ta Suwizalan ta riƙa karɓar yara daga Faransa na tsawon wata 3. A 1975 aka kafa Project Children, wanda ya riƙa kai 'ya'yan Katolika da na Furotesta daga Arewacin Ayalan zuwa Amurka, su ɗan yi nesa da rikicin da ya raba unguwanninsu.

Yaran Cernobil

Abin da ya fi yaɗa wannan shiri shi ne fashewar da ta auku a tashar nukiliya ta Cernobil da ke Yukiren ranar 26 ga Afrilu, 1986. Iska ta kwashi ƙurar mai guba zuwa arewa, wani babban kaso ya sauka a Belarus, musamman yankin Gomel. Sinadarin ayodin-131 ya shiga madarar shanu, ya haddasa ƙaruwar sankarar thyroid, wata gaɓa da ke gaban wuya, a tsakanin yara, shi kuwa siziyom-137, wanda ke ɗaukar kimanin shekara 30 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi, ya zauna a cikin ƙasar noma da dazuzzuka. A 1990 Kuba ta buɗe sansanin Tarara kusa da Habana, inda aka kula da yara sama da 20,000 har zuwa 2011. A 1991 Adi Roche ta kafa ƙungiyar da a yau ake kira Chernobyl Children International a birnin Kok na Ayalan, Italiya kuwa ta zama cikin ƙasashen da suka fi karɓar waɗannan yara.

Hujjar masu shirin ita ce makonnin da yaro zai yi yana cin abinci mai tsafta suna rage siziyom ɗin da ke jikinsa, tunda jiki na fitar da shi sannu a hankali. Masana sun yi saɓani kan ko amfanin yana ɗorewa bayan yaron ya koma cin abincin gida. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne ƙananan abubuwan da ke da girma a rayuwar yaro: an duba haƙoransa, an auna idonsa an ba shi tabarau, ya zo da 'yar jaka guda ya koma da akwatin tufafin sanyi da magunguna.

Yaran Sahara ta Yamma

Tun 1979 ake kai yaran Sahrawi, wato mutanen Sahara ta Yamma, daga sansanonin gudun hijira na Tinduf da ke Aljeriya zuwa Sifaniya a ƙarƙashin shirin Vacaciones en Paz, wato hutu cikin salama. Suna shafe watannin Yuli da Agusta a can, lokacin da zafin hamada kan kai maki 50. Iyalan da suka karɓe su kan ba da labarin yaron da ya tsaya yana buɗe famfo yana rufewa, yana mamakin ruwan da ba ya ƙarewa, da kuma ranar da ya fara ganin teku.

Tsari da ƙalubale

Ƙungiyar kirki ba ta miƙa yaro ga kowa sai ta binciki tarihin duk baligin da ke gidan, ta ziyarci gidan, ta ga ɗakin da yaron zai kwana. Malami ko tafinta daga ƙasar yaran yakan rako su, kuma sau da yawa akan haɗa yara biyu a gida ɗaya domin kowannensu ya sami abokin magana da harshensa. Kuɗin jirgi da biza da inshora daga gudummawar jama'a suke fitowa.

Wurin da shirin ya fi nauyi shi ne ranar rabuwa. Yaron da ya fito daga gidan marayu, ya ɗanɗani zaman iyali, sai a ce ya koma, ba ƙaramin abu aka ɗora wa zuciyarsa ba, kuma shaƙuwar takan kama masu masaukin su ma. A 2006 wasu ma'aurata a Italiya suka ɓoye wata yarinya 'yar Belarus suka ƙi mayar da ita, a 2008 kuma wata matashiya ta ƙi komawa daga Kalifoniya. Hakan ya sa hukumomin Belarus suka dakatar da tafiye-tafiyen, suka kuma nemi a ƙulla yarjejeniyar da za ta tabbatar da dawowar kowane yaro. Akwai masu ganin kuɗin da ake kashewa kan tafiyar yaro guda zai fi amfani idan aka zuba shi a asibiti ko makarantar garinsu, kuma maganarsu tana da ƙarfi, shi ya sa ƙungiyoyi da dama suka haɗa hutun da aikin gyaran gidajen marayu da tallafa wa iyalai a can ƙasar yaran.

Annobar korona ta tsayar da kusan dukkan waɗannan tafiye-tafiye a 2020. Yaƙin da Rasha ta ƙaddamar a Yukiren a 2022 da takunkuman da aka ƙaƙaba wa Belarus sun sa na yaran Cernobil ya yi wuyar farfaɗowa, yayin da yaran Sahrawi suka ci gaba da zuwa Sifaniya tun daga bazarar 2022.