Madubin bindigar .22 mai sauƙin kuɗi: tambayoyin da suka ƙi ƙarewa

Tambayoyin su ne dai na kullum, mai yin su ne kawai ke canzawa. Yawanci 'yan'uwa ne mazauna Amurka, Kanada da Ingila da suka mallaki ƙaramar bindiga don harbin takarda ko farautar zomo da kurege, suka shiga shago aka jera musu madubi talatin, kai ya ɗaure. Ga amsoshin a wuri guda. Wanda ya sake tambaya, nan za a turo shi.

Mece ce ma rimfaya?

Harsashi ne da garin da ke tayar da wutarsa yake cikin gefen gindin kwanso, ba a tsakiya ba. Wanda duniya ta sani shi ne .22 LR, tun 1887 ake yin sa. Akwai .22 WMR da .17 HMR, amma a nan maganar .22 LR ake yi.

Wane madubi zan saya?

2-7x32 ko 3-9x40, wanda aka rubuta a kwalinsa cewa na rimfaya ne. In kuɗin sun yi kaɗan ƙwarai, 4x32 marar sauyi. Shi ke nan.

Me waɗannan lambobin ke nufi?

Na gaban "x" yawan kusantowa ne: 3-9 yana jawo abu daga ninki uku zuwa tara. Na bayansa faɗin gilashin gaba ne da milimita. A kwalin ma an rubuta, a daure a riƙa karantawa.

Na ga 6-24x50 a dala 40, har da fitila ja da kore da leza a gefe. In ɗauka?

Kar ka ɗauka. Araha ba ta ado. Dala 40 ɗin nan an raba ta ne tsakanin gilashi, fitila, leza, zobba da kwali mai sheƙi, to nawa ya rage wa gilashin? Kuma yi lissafi: raba faɗin gilashin gaba da yawan kusantowa, abin da ya fito shi ne faɗin hasken da ke isa idonka. 50 a raba da 24, milimita 2 ke nan da 'yan kai. Da ka ɗan gusa kai, hoton ya ɗauke, ga duhu, ga hazo. Shi kuwa 4x32 milimita 8 yake ba ka. A ƙaramin farashi, madubin da ya fi ƙarancin tarkace shi ya fi gilashi mai kyau. Kuregen da ke yadi 40 ba ya buƙatar a ninka shi sau 24, sai ma ka ɓata lokaci kana neman sa a cikin ganye.

To nawa ya kamata in kashe?

A kasuwar Amurka, ƙasa da dala 100 akwai Simmons .22 Mag 3-9x32, yana aikinsa ba yabo ba fallasa. Tsakanin 100 da 200 nan ne kuɗi ya fi yin amfani, irin su Vortex Crossfire II 2-7x32 na rimfaya da jerin Hawke Vantage. Leupold VX-Freedom na rimfaya ya ɗara su tsada, ya kuma ɗara su haske. Ko wanne ka zaɓa, ware kuɗin zobba daban. Vortex da Leupold suna ba da garantin gyara na tsawon rayuwar madubin, amma jabunsu sun cika intanet, kuma babu kamfanin da zai gyara maka jabu. In ka ga farashi ya faɗi ƙasa da rabin na sauran shaguna, banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ina da tsohon madubin babbar bindigar farauta. Zan iya ɗora shi a kan .22, ko lallai sai na rimfaya? Kuma mai zoben AO, na daidaita nisa a gaban madubi, ya fi?

Wannan ce kaɗai tambayar da ba ta da amsa guda, don haka a yi haƙuri da tsayinta.

Zai hau, kuma ba abin da zai same shi, domin .22 ba ta da bugun baya da zai girgiza komai. Matsalar ita ce abin da ake kira faralaks. Madubi yana ɗauko hoton abin da ka auna ya ajiye shi a cikin bututunsa, shi kuma gicciyen saiti yana zaune a wurinsa a cikin bututun. Idan hoton ya sauka daidai inda gicciyen yake, ko ka motsa kai gicciyen na nan daram a kan abin harin. Idan ya sauka gabansa ko bayansa, da ka karkata ido sai gicciyen ya yi kamar yana yawo. Kamar allurar sikelin mai nama ce: wanda ya tsaya a gefe, wani kilo yake karantawa daban da wanda ya tsaya a gaba.

Madubin manyan bindigogi galibi a yadi 100 aka daidaita faralaks ɗinsa a masana'anta, na rimfaya kuwa a yadi 50, na Leupold a 60. Bambancin ke nan, ba wani sirri.

Nawa ne kuskuren? Ɗauki rabin faɗin gilashin gaba, ka ninka da tazarar da ke tsakanin inda kake harbi da inda aka daidaita madubin, ka raba da inda aka daidaita shi. Gilashi mai milimita 40 da aka daidaita a yadi 100 zai iya kauce maka da milimita 10 a yadi 50, da milimita 15 a yadi 25. In an daidaita shi a 50, babu kuskure a 50, akwai milimita 10 a 25, amma a yadi 100 ya koma milimita 20. Ka ga ashe na rimfayar ma ba waliyyi ba ne, ya dai matsar da matsalar ne zuwa inda ba ka cika harbi ba. Kuma wannan lissafin na mafi munin hali ne, wato idonka yana can bakin hoton, gab da ya yi duhu. Wanda yake ɗora kumatunsa a wuri ɗaya kowane harbi ba zai ga ko rabin haka ba.

Saboda haka, in farauta kake yi tsakanin yadi 30 da 75, kuma tsohon madubin mai kyau ne, ɗora shi ka gwada kafin ka kashe ko sisi. Tsohon gilashi mai kyau da aka daidaita a yadi 100 yakan fi sabon na banza da aka daidaita a yadi 50. Sai dai ka sani, a ƙasa da yadi 25 hoton zai riƙa dusashewa idan ka murɗa zuwa 9, dole ka sauko 3 ko 4.

In kuwa takarda kake harbi, kana neman harsashi biyar su shiga rami ɗaya, musamman a yadi 25 irin na ƙungiyoyin harbi na cikin ɗaki a Ingila, to milimita biyar ma asara ce. Nan AO ke da rana. Zobe ne a gaban madubin da kake juyawa ka daidaita faralaks da kanka, da yawansu suna saukowa har yadi 10. Mai mamurɗi a gefe aiki ɗaya suke yi, ya fi daɗin hannu, ya fi tsada.

Amma shi ma AO ba a ba shi kyauta ba. Ƙarin sassa ne masu motsi a cikin madubi mai araha, ga ƙarin nauyi. Lambobin da aka zana a zoben sau da yawa ba sa faɗin gaskiya, za ka ga 50 alhali a 40 ya zauna. Mafarauci kuma yakan manta ya bar shi a 100, zomo ya fito a yadi 20, hoto ya yi dishi-dishi. Idan ka san kai mai mantuwa ne, marar zobe ya fi maka.

Hanyar ganewa ba ta cin ko kwabo. Kwantar da bindigar, babu harsashi a ciki, a kan buhun yashi, ta kalli takarda a nisan da ka saba harbi. Cire hannunka. Leƙa, ka motsa kai sama da ƙasa, hagu da dama. Iya yawon da gicciyen ya yi a kan takardar, iya kuskurenka ke nan. In bai kai ya dame ka ba, rufe wannan babin. Mai AO kuma haka zai yi ta juya zoben har gicciyen ya tsaya cak, ya sa alama da fenti a wurin, ya manta da lambobin kamfani.

Gicciyen ne ba na gani sosai. Faralaks ɗin ne?

Ba shi ba ne. Zoben baya, na wajen ido, shi ke gyara wannan. Kalli farin bango ko sararin sama, nesa da rana, ka juya shi har layukan su fito baƙi ƙirin. Yi da ɗan leƙe kaɗan-kaɗan, don in ka daɗe kana kallo ido zai gyara da kansa ya yaudare ka. Sau ɗaya ake yi.

Zobban da suka zo a kwali ba su isa ba?

Nan ne mafi yawan masu kuka da madubi suka yi kuskure, sannan su zo suna zagin kamfani. Duba abu biyu. Kaurin bututun madubin, inci 1 ne ko milimita 30. Sai abin da ke saman bindigar. Marlin Model 60 da ire-irenta na Amurka kwari ne da su mai faɗin 3/8 na inci, CZ 457 kuwa milimita 11. A ido kamar ɗaya, amma faɗin da kusurwar yankan sun bambanta, zoben wannan a kan wancan yakan zauna a karkace ko ya riƙa zamewa. Ruger 10/22 ramukan sukuru gare ta, faranti ake ɗaurawa tukuna, kuma jikinta alminiyam ne, in ka nuna ƙarfi haƙoran ramin su cinye. Sukurorin saman zobe inci-fam (ma'aunin ƙarfin matsi) 15 zuwa 18 suka saba ɗauka, sai in takardar kamfani ta faɗi wani abu daban. Matse su bi da bi, kaɗan nan kaɗan can, tazarar gefe biyu ta zo daidai. Wanda ya matse kamar yana ɗaura tayar tirela, ya lotsa bututun, mamurɗan saiti su daina aiki. Zaɓi zobba mafi gajarta da gilashin gaba ba zai taɓa bututun bindiga ba, sakata kuma ta samu hanyar wucewa.

Na murɗa sau huɗu harsashin bai gusa ba. Ya lalace ko?

Lafiyarsa lau, kwantar da hankalinka. A yawancin madubai, kowane ƙas ɗaya na mamurɗin saiti kwatan inci ne a yadi 100. A yadi 50 rabin haka ne, a 25 kwata. Don gusar da inci ɗaya kana buƙatar ƙas 4 a yadi 100, 8 a yadi 50, 16 a yadi 25. Fara a 25 da babbar takarda, harba biyar, auna daga tsakiyar tarin ramukan, gyara, sannan ka koma 50 ka ƙarasa. Kar ka riƙa bin harsashi ɗaya-ɗaya da murɗi.

Ta yaya zan san mai arahar da na saya yana riƙe saiti?

A yadi 50, harba uku. Murɗa 16 sama, harba uku. 16 dama, 16 ƙasa, 16 hagu, kana harbi a kowane zango, kana auna wuri ɗaya. Ya kamata ka ga murabba'i mai inci biyu kowane gefe, ukun ƙarshe su faɗa kan ukun farko. In ba su dawo ba, mayar da shi tun kwanakin mayarwa ba su ƙare ba. Ja layin fensir a bututun, jikin zobe. Bayan harsashi ɗari ka duba, in layin ya gusa, zobban ne da laifi.

Mai ɗige-ɗige a ƙarƙashin gicciye fa?

Yana da ɗan amfani wajen ɗaga saiti don harbin nesa, tunda .22 LR da aka saita a yadi 50 tana faɗuwa wajen inci 5 zuwa 8 a yadi 100, gwargwadon harsashin. Amma ɗigon an lissafa shi ne da gudun harsashi guda, galibi mai sauri irin na ƙafa 1,200 da 'yan kai a daƙiƙa. Sa mai ƙafa 1,070 ka ga lissafi ya rushe. A madubai masu araha kuma ɗigon yana daidai ne a ninki mafi girma kawai. Harba ka gani da idonka, ka rubuta.

Zan iya mayar da shi kan bindigar iska?

Mai tankin iska, e. Mai sifirin da ake karya ta, a'a, sai an rubuta cewa ya dace da ita. Tana fizga baya sannan ta fizga gaba, wannan fizgar ta biyu ita ke kwance gilasai.

Ina Najeriya, a turo min bindigar?

Lasisi tukuna. Dokar makamai ta 1959 ta sa irin wannan bindiga a ƙarƙashin izinin Sufeto Janar na 'yan sanda. A Ingila ma .22 sai da takardar shaida daga 'yan sanda. Ba za a amsa tambayar yadda za a kauce wa wannan ba, kar ma a yi ta.

In ina daji, ba sai in riƙa leƙe da madubin don ganin abin da ke motsi ba?

Subhanallahi. Duk abin da ka leƙa da madubin nan, bakin bindiga ka nuna masa, ko akuya ce ko ɗan mutum. Sayi madubin hangen nesa na rataye a wuya. Kuma duba bayan kwalin harsashin da kake rainawa, an rubuta yana da haɗari har nisan mil ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Kurege yana kan reshe, bayansa sarari ne, ba ka san inda harsashin zai sauka ba, to sauke bindigar ka jira ya sauko jikin kututture.