Jinin da ke zuba a bakin kwalta ba ya jiran motar asibiti

Na shafe shekaru ina aikin jinya a wani ƙaramin asibiti da ke gab da babbar hanya, kuma a cikin waɗanda aka kawo mana bayan harin 'yan bindiga akwai mutum biyu da ba na mantawa da su, domin mota ɗaya ce ta sauke su bayan sallar magariba. Na farko matashi ne da harsashi ya ratsa masa cinya. An ɗaure masa ƙafar da igiyar roba irin wadda ake ɗaure kaya a saman mota, ɗaurin bai yi ƙarfi ba, an kuma cusa ƙasa da toka a bakin raunin, jini yana ta bin wandonsa har ya taru a ƙasan kujera. Kafin mu sa masa ruwa jikinsa ya yi sanyi, bai kai asuba ba. Na biyu magidanci ne da aka harba a dantse, wata dattijuwa ta naɗe mayafinta ta danne wurin da tafin hannu biyu tun daga inda abin ya faru, tafiyar kusan awa ɗaya. Na ce mata, "Baba, ki saki haka nan, mun karɓe shi." Ta ce, "Ɗana, sai dai ka ɓamɓare mini hannun, ya riga ya ƙage." Wannan mutumin ya koma gida da ƙafafunsa.

Matafiya a Arewa sun san sunayen wuraren da gaba ke faɗuwa idan an doshe su: Rijana da Katari a hanyar Abuja zuwa Kaduna, dajin da ke tsakanin Kaduna da Birnin Gwari, hanyar Funtuwa zuwa Gusau ta Tsafe, da hanyar Damaturu zuwa Maiduguri, inda a watan Fabrairu na 2020 aka far wa matafiyan da suka kwana cikin motocinsu a Auno. Ko jirgin ƙasan da jama'a suka koma wa don guje wa hanyar Kaduna bai tsira ba, an kai masa hari ranar 28 ga Maris 2022. Tsaron hanya aikin hukuma ne, kuma muna da haƙƙin mu ci gaba da nemansa daga gare ta. Abin da ya shafe ni a nan shi ne tazarar da ke tsakanin lokacin da harbi ya lafa da lokacin da mai rauni ya isa hannun likita, domin a wannan tazara babu kowa tare da shi sai direba, yaron mota da sauran fasinjoji.

Tun kafin a faɗa cikin abin, hanya kan nuna alama. Tsofaffin direbobi sun san cewa idan aka daɗe ba a yi kiciɓis da motar da ke tahowa daga gaba ba a hanyar da aka saba ganin cunkoso, ko aka ga motoci suna juyowa suna kunna fitila suna kashewa, to tsayawa a gari mafi kusa a tambaya ya fi. Fasinjan da ke matsa wa direba lamba ya ci gaba saboda sauri yana jefa mota guda cikin haɗari.

Idan kuwa harbi ya tashi, mutum ya sani cewa jikinsa zai yi abin da bai umarce shi ba. Zuciya za ta riƙa dukan ƙirji, baki ya bushe, hannu ya kama rawa, wani ya daskare ya kasa ko buɗe ƙofa, wani fitsari ya kuɓuce masa. Babu ragwanci a cikin wannan, haka Allah ya halicci jiki idan ya hango mutuwa. Abin da ke dawo da hankali shi ne a ja numfashi ta hanci a hankali, a fitar da shi ta baki a hankali fiye da yadda aka ja, sau uku ko huɗu, kuma wanda bakinsa ya saba da "Hasbunallahu wa ni'imal wakil" ya riƙe ta, domin tana daidaita numfashi tana kuma tattara tunani wuri guda. Daga nan sai a sunkuya ƙasa da tagogi, a danne yara a ƙasan kujera. Ƙofar mota gwangwani ce, ba ta tare harsashin bindigar yaƙi, wurin da ya fi ba da kariya shi ne bayan inji da bayan ƙafafun mota. Wanda ya sami damar fita, ya fita ta ɓangaren da ba daga nan harbin ke fitowa ba, ya ja ciki zuwa kwalbati ko rami ko bayan tudu, ya bar jaka da takalmi. Idan kuma an riga an kewaye mota, to hannu a fili, babu gardama, babu zabura, babu ɗaga waya don ɗaukar hoto, kuma wanda ya ɓuya ya kashe ƙarar wayarsa. Kada kowa ya fito ceton wani alhali ana kan harbi, don mai ceton da aka harba ya zama nauyi na biyu a kan waɗanda suka rage.

Da an tabbatar maharan sun janye, abu na farko shi ne kowa ya duba jikinsa, sannan ya duba na kusa da shi. Sau da yawa wanda aka harba ba ya jin zafi a mintunan farko, kuma baƙar riga ko shadda mai kauri tana ɓoye jini. A shafa baya, hammata, matsematsi da bayan cinya, a duba tafin hannu ko ya jiƙe. A fara da wanda ya yi shiru kafin mai ihu, domin mai ihu yana numfashi. Babban mutum yana da jini kimanin lita 5 a jikinsa, kuma idan babbar jijiyar cinya ta tsinke yana iya rasa ransa cikin mintuna kaɗan, saboda haka jinin da ke tsartuwa ko yake malala yana taruwa a ƙasa shi ne abin gaggawa fiye da karaya, fiye da komai.

Maganinsa na farko dannewa ne. A yage tufar da ta rufe wurin don a ga ainihin inda jinin ke fitowa, a naɗe rawani ko mayafi ko zani ko riga, mafi tsabta da aka samu, a ɗora a kai, a danne da hannu biyu da nauyin jiki gaba ɗaya, gwiwar hannu a miƙe. Kuskuren da na fi gani shi ne ɗagawa a leƙa ko jinin ya tsaya, alhali duk leƙawa tana wargaza gudan jinin da ya fara toshe wurin. A riƙe aƙalla minti 10 ba sassautawa, idan tsumman ya jiƙe a ƙara wani a kansa a ƙara ƙarfi. Idan raunin rami ne mai zurfi a matsematsi ko hammata, inda ba a iya ɗauri, sai a cusa tsumman cikin ramin da yatsa har ya cika, sannan a danne. Mai rauni zai yi ihu, zai ma iya zagin mai taimakonsa, kada hakan ya sa a saki.

Idan raunin a hannu ne ko ƙafa, kuma dannewa ta kasa tsayar da jinin, sai a yi ɗaurin da ke tsayar da gudun jini gaba ɗaya. Ana neman ƙyalle mai faɗin yatsu uku ko huɗu, a zagaya shi sau biyu a saman raunin, wato ɓangaren da ya fi kusa da gangar jiki, kimanin faɗin yatsu uku daga bakin raunin, ba a kan gwiwa ko gwiwar hannu ba. A ƙulla, a ɗora sanda mai ƙwari ko sifana a kan ƙullin, a sake ƙullawa, sannan a riƙa murɗa sandar har jinin ya tsaya cak, a ɗaure ta yadda ba za ta warware ba. Waya, igiyar roba da igiyar takalmi suna yanka fata ba tare da sun matse jijiyar da ke can ciki ba, kuma sakwarkwataccen ɗauri yana ƙara zubar jini, domin yana hana jini komawa amma ba ya hana shi zuwa, abin da ya sami matashin nan ke nan. A rubuta lokacin da aka yi ɗaurin da biro a kan ƙyallen ko a goshin mai raunin, kuma kada a kwance shi a hanya don tausayi, likita ne zai kwance. Mutane na tsoron ɗaurin zai sa a yanke ƙafa, amma a bisa al'ada gaɓa tana jure kusan awa biyu a haka.

Raunin ƙirji da na ciki hukuncinsu daban ne. Ba a cusa tsumma cikin ramin ƙirji, kuma idan mutum yana numfashi da ƙyar a bar shi ya kishingiɗa yadda ya fi samun sauƙi. Idan hanji ya fito, kada a mayar da shi, a rufe shi da tsabtataccen ƙyalle da aka jiƙa da ruwan leda. Kada a tono harsashi, kada a zare abin da ya soke jiki. Toka, ƙasa, gishiri, man birki da baƙin mai ba sa tsayar da jinin jijiya, sai dai su shigar da ƙwayoyin cuta, har da tetanus mai sarƙe haƙora. Mai zubar jini yakan roƙi ruwa, ƙishin kuwa na gaske ne, amma a jiƙa masa leɓe kawai, saboda mai yiwuwa a shiga da shi tiyata, kuma cikin da ke da ruwa ko abinci yana jawo amai ya faɗa huhu. A lulluɓe shi ko da ana zafi, domin jinin da ya yi sanyi ba ya daskarewa da wuri. Wanda ya suma amma yana numfashi, a kwantar da shi a gefe guda don kada harshe ko amai ya toshe masa maƙogwaro.

Lambar gaggawa a Najeriya ita ce 112, ta Hukumar Kiyaye Haɗurra kuma 122. Mai kira ya faɗi garin da aka wuce na ƙarshe, inda aka dosa, da adadin masu rauni. Sai dai a cikin daji sau da yawa babu sabis, don haka idan akwai motar da ke tashi a ɗauki mai raunin zuwa asibiti mafi kusa, mai dannewa yana zaune kusa da shi bai saki ba.

Akwai tsoron da ya daɗe yana kashe mutane, wato cewa asibiti ba zai taɓa wanda aka harba ba sai da takardar 'yan sanda, kuma wanda ya kawo shi zai kwana a caji ofis. A ƙarshen 2017 an sa hannu kan dokar tarayya da ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko mai zaman kansa, karɓar wanda aka harba da yi masa magani nan take, da takardar 'yan sanda ko babu, ba tare da an ce sai an ajiye kuɗi tukuna ba. Asibitin ne ke da alhakin sanar da 'yan sanda cikin awa biyu da fara magani, kuma dokar ta ce a mutunta wanda ya kawo mai raunin, kada a takura masa da tambayoyin da ba su da dalili. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ma ta hana ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa. Ba zan ɓoye ba, har yanzu akwai abokan aikinmu da ke jan ƙafa, wasu don rashin sani, wasu don gudun wahala, kuma ya dace a tuna musu da dokar cikin ladabi a nemi ganin babban likita.

Waɗanda suka fita babu ƙwarzane su ma ba a cika tambayar lafiyarsu ba. Direban da ya kawo mutanen nan biyu ya dawo wurinmu bayan makonni, yana cewa barci ya ƙaurace masa, ko taya ta fashe a tasha sai ya sami kansa a ƙarƙashin benci. Firgita, munanan mafarkai da saurin fushi abu ne da aka saba gani a kwanakin farko, kuma zama da 'yan'uwa da faɗin abin da aka gani ga wanda aka amince da shi suna rage su. Idan abin ya haura wata ɗaya, ko ya hana mutum neman abincinsa, ko ya fara neman tiramol da makamantansa don ya sami barci, to a ga likita. Akwai asibitocin tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa a Kaduna, Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, kuma ana iya farawa daga asibitin da ke kusa a karɓi takardar turawa. Shi direban mun tura shi, kuma da ya koma hanya ya sayi rawani biyu da sifana ta daban ya ajiye su a aljihun ƙofar motarsa.